Kafin ki saki hotunan nan, ki tambayi masu su

'Yar'uwa, wallahi da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce an tsare shugabannin ma'aikata a wata ƙasa, abokan aikinku na waje suna matsa muku ku saki sunaye da hotunansu gobe, ke kuma hankalinki bai kwanta ba. Kada ki danne wannan ɗar-ɗar ɗin. Ni na danne nawa, har yau ina cizon yatsa.

Shekarun baya aka kama wani ɗan ƙwadago da muka daɗe muna hulɗa da shi ta imel. Ƙungiyar da ke ba mu tallafi ta ce a tayar da gangami cikin gaggawa. Jami'insu ya kira ni sau biyar a yini ɗaya. Sai na tura masa hoton da mutumin ya taɓa aiko mini don zumunci, yana tsaye da matarsa a ƙofar gida. Ban tambayi matar ba. Ban ma yi tunaninta ba, kuma wannan ne ya fi ci mini rai. Cikin kwana uku hoton ya zagaya, da neman gudummawa a ƙarƙashinsa. Aka sallami matar daga aiki, shi kuma aka ƙara masa tuhumar haɗa baki da ƙasashen waje, aka karanta rubutunmu a kotu a matsayin hujja. Ta kira ni da tsakar dare, wani yana yi mata tafinta, abin da take maimaitawa kawai: "Wa ya ba ki izini?"

Da na kira jami'in ina kuka, kin san me ya ce? Wai gangamin ya yi armashi, ya hau lissafo mini yawan waɗanda suka sa hannu. Ko sunan matar bai tambaya ba. Wata biyu suka koma kan wani batun, hoton kuma ya fito a rahotonsu na ƙarshen shekara. Na yafe abubuwa da yawa a wannan aiki, wannan dai har yanzu yana nan a maƙogwarona.

Ba cewa nake ku yi shiru ba fa. Wani lokaci surutun duniya ne ke hana a ɓatar da mutum. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake yi masa yoyo. Ƙauracewa kayan Afirka ta Kudu da aka fara a Landan a 1959 saboda mulkin wariyar launin fata, baƙaƙen ƙasar ne da kansu suka nema, su Albert Luthuli, shugaban ƙungiyarsu ta ANC a lokacin, sun san za su sha wuya kuma suka ce a yi. A kan wannan kiran wasu ma'aikatan kantin Dunnes a Dublin, babban birnin Ireland, suka ƙi sayar da kayan Afirka ta Kudu, suka shiga yajin aiki a 1984, kusan shekara uku. To amma da ginin Rana Plaza, mai ɗauke da masana'antun ɗinka tufafi, ya rufta a Bangaladash a 2013, mutum fiye da 1,100 suka mutu, 'yan ƙwadagon can cewa suka yi kada a ƙaurace wa tufafinsu, a matsa wa kamfanoni su sa hannu kan yarjejeniyar tsaron gine-gine. Kamfani sama da 200 suka sa. Da an bi zafin zuciya irin namu, da an raba mata masu ɗinki da abincinsu.

Ki nemi lauyansu tukuna. Ki nemi iyalan, kowane gida daban, don wani zai yarda wani ya ƙi. Ki tambaye su ko wasiƙa a asirce zuwa ofishin jakadanci ta fi musu. Kada ki saki hoton da ke nuna gida ko yara. In za a tara kuɗi, a rubuta a takarda wa zai karɓa. Kuma don Allah ki riƙa barci, ni a lokacin na yi kwana biyu ban runtsa ba, da wannan kan na yanke shawara.

In sun kira ki gobe, ki ce sai kin ji daga iyalan. Za su yi fushi, su yi. Matar nan na rubuta mata sau huɗu ina neman gafara. Ba ta amsa ba, kuma ban ga laifinta ba.