Me ya sa aka hana yayata ɗaukar ciki saboda maganin daji?

'Yar'uwa, kin ce ana yi wa yayarki allurar cyclophosphamide, an hana ta ɗaukar ciki, kuma kin ji ana cewa asalin maganin gubar yaƙi ce. Allah Ya ba ta lafiya. Maganar tana da tushe.

Jamus ta fara amfani da iskar mastad mai guba a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1917, aka lura tana rage fararen ƙwayoyin jini. A 1942 masu bincike Goodman da Gilman na Jami'ar Yale suka gwada danginta kan wani mai ciwon daji, ƙullutun suka motse. Maganin yayarki daga wannan zuri'a ya fito.

Shi wannan sinadari yana manna wani ɗan yanki nasa a jikin DNA, wato ma'ajiyar gadon halitta da ke cikin ƙwayar jiki, ya ɗaure igiyoyinta biyu, ƙwayar ta kasa rabuwa ta mutu. Ƙwayar daji mai saurin hayayyafa ita ta fi jin jiki. Amma ba ya bambanta ta da tayi, wanda shi ma ƙwayoyinsa ke saurin hayayyafa. Masaniyar kimiyya Charlotte Auerbach ta nuna a Edinburgh, kan ƙananan ƙudajen 'ya'yan itace, cewa mastad na sauya gadon halitta. Don haka ku riƙi maganar likita hannu biyu.

Hanta ce ke kunna maganin, ragowarsa kuma tana ƙona mafitsara. Ki ajiye mata gorar ruwa kusa da gado, ta riƙa sha tana yawan fitsari. In kin ga jini a fitsarin, ku koma asibiti a ranar. Har tsawon kwana biyu bayan allura, ki sa safar hannu in za ki wanke mata fo.