"Sake naɗa" ba gyaran murya ba ne, kar ka bari a taɓa kaset ɗin nan

Tambaya: Salam malam, daga wani ƙauye nake kusa da Ringim. Ina da kaset na karatun marigayi babanmu, muryar ta yi ƙasa ga shuuu a ciki, shi ne mai tura waƙa a kasuwa ya ce in kawo ya sake naɗa min za ta fito tas. Wallahi tsoro nake ji don shi kaɗai ne ya rage mana. Me ake nufi da sake naɗawa?

Amsa: Wa alaikassalam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan baba. Tsoronka na kan hanya. A wajenmu masu sitidiyo in an ce a sake naɗa ko a sake ɗauka, mai muryar ne zai koma gaban makirfo ya maimaita, kamar mawaƙi ya yi tuntuɓe a baiti ko ƙarar janareta ta shiga a ce masa mu sake. To baba ya rasu, wa zai maimaita? Abin da kake buƙata kwafa ne.

Kullum sai na yi wannan faɗan da mutane. Rikoda tana da kan gogewa da yake share zaren kafin sabon sauti ya hau, kana danna jan madannin nan na ɗauka da kaset ɗin a ciki tsohon karatu ya tafi kenan, ba malamin kwamfutar da zai dawo da shi. Su kuma yaran kasuwan nan abin da suke yi, su kunna rikoda su kara waya a bakin sifika, hayaniyar 'yan acaɓa da kukan awaki duk su shige, su tura maka ta WhatsApp wanda shi ma matse sauti yake yi, sannan su ce an wanke. Wanke me? Wani ma har cewa yake ka yar da kaset ɗin tunda ya shiga memori, haba jama'a.

Yau ɗin nan ka duba saman kaset ɗin akwai 'yan kunnuwa biyu na roba, ka ɓalle su, madannin ba zai ƙara dannuwa ba. Sai ka nemi mai jona rikoda da kwamfuta ta igiya ya fitar maka a WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, in an rubuta C90 a jikin kaset ɗin zaman minti 90 ne don haka ka je da wuri. Shuuu ɗin ana iya rage shi a kan kwafin, ba duka ba. Kaset ɗin kuma ka dawo da abinka gida, ka nesanta shi da rana da mayen ƙarfen sifika.