Ga 'yar uwar da sikelinta ya tsaya: kada ki ƙara shayin nan

Assalamu alaikum. Ƙanwata mai tambaya, sannu da ƙoƙari. Tun jiya da dare na ga saƙonki, sai yanzu da yara suka tafi lakwal na samu zama. Kin ce tun haihuwarki ta uku jiki ya buɗe har kin kai kilo 96, gwiwa na damunki, kin bar cin abincin dare kina shan shayin rage ƙiba, kilo 4 suka sauka sai sikeli ya tsaya cik, ga dangin miji sun fara tambayar ko lafiya. Kina son sanin ko ki ƙara yawan shayin, ko ki bar karin kumallo shi ma. Wallahi kamar da bakina kika rubuta. Ni ma na haura kilo 100 a da, na san ciwon gwiwar nan da mutum zai yi sujada ya rasa yadda zai miƙe.

Kada ki ƙara shayin, kada kuma ki bar karin kumallo. Ki fara riƙe wannan kafin in shiga surutu.

Shayin nan na san shi. Wata mata ce ta sayar mani a waya, jika 15, tana rantsuwa cewa ganye ne zalla daga waje. Kwana na yi ina zirga-zirga tsakanin ɗaki da bayi, da safe ƙafata na rawa, in na tashi tsaye sai in ga duhu. Da na kira ta sai ta ce ai kitsen ne ke narkewa, in ƙara wani kwalin. Da na kai takardar kwalin farmasi aka karanta mani, ashe babban abin da ke ciki ganyen sena ne, dangin filaskon da kakanninmu ke ba mai taurin ciki. Maganin wankin ciki ne kawai. Ruwa yake fitarwa da gishirin jiki, kitse yana nan inda yake, kina shan ruwa kilon ya dawo. In aka daɗe ana sha, hanji ya saba, sai ya ƙi aiki in babu shi. Na nemi matar nan ta mayar mani da kuɗina, ta toshe lambata. Har yau ina ganin tallarta da hotunan matan da ba ta taɓa gani ba. Na bar ta da Allah.

Amma inda saƙonki ya fi taɓa ni shi ne maganar dangin miji, don ni can aka ci mani mutunci, kuma ba bare ba ce, yayar maigidana ce uwa ɗaya uba ɗaya. Lokacin da nake da jiki, ba ta da suna gare ni sai buhun hatsi. In za a hau mota zuwa Tibiri gaisuwa, sai ta ce a ba ni gaba ni kaɗai kar in danne mutane. Ana dariya, ni ma in yi dariyar dole. To da Allah ya taimake ni na fara sauka, sai muka haɗu a wani suna a Bagalam. Tsakar gida cike da mata, an shimfiɗa tabarmi, ana rabon waina. Ina shiga na durƙusa na ce Yaya ina wuni, ba ta amsa ba. Sai ta kamo hannun rigata, wata shadda da ta yi mani yawa, ta ɗaga sama tana kaɗawa don kowa ya gani, ta ce: "Ke wai ƙanena ya daina ciyar da ke ne, ko wani ciwo kike ɓoye mana?" Wajen ya yi tsit. Wata tsohuwa ta ce Allah ya sawwaƙe. Ni dai ina durƙushe, hannuna a sama, ga wainar da aka miƙo mani a ɗaya hannun, na rasa ta cewa. Ban san yadda na fita gidan ba, a kan kabu-kabu na yi kukana cikin hijabi har gida.

Da ta tsaya nan da sauƙi. Ta je wajen Hajiya, uwar mijina, ta ce a sa ni in yi gwajin jini, ita ba ta yarda da wannan ramar ba, kin dai gane ciwon da take nufi. Magana ta zaga kartiye. Maƙwabciyar da muke musayar kwano shekara da shekaru ta daina aiko yaranta gidana. Na je na yi gwajin don a huta, na kai wa Hajiya takarda da hannuna, ita baiwar Allah har ta ba ni haƙuri. Ita kuwa Yaya ko a jikinta. Bayan kwana biyu ta aiko yaro da ƙullin leda, wai in sha in murmure kar in ba su kunya. Na kwance, ƙwayoyin sha-ka-fashe ne. Matar da ta shekara tana kirana buhu! Na rasa me take so da ni, da ƙiba ban tsira ba, da rama ban tsira ba. Maigida kuwa abin da ya iya cewa shi ne, ki yi haƙuri, kin san halin Yaya. Wannan kalmar ta fi maganarta yi mani ciwo, har yanzu in na tuna sai zuciyata ta yi zafi. Muna gaisawa, zumunci ya wuce wasa, amma ban ƙara zama inda take zaune ba.

Tunda na ambaci ƙwayar nan, 'yan uwa masu sayen ta a tebur don su yi jiki kafin biki, ku ji tsoron Allah da kanku. Yawancinta dekisametazon ce, magani ne na asibiti mai ƙarfi da likita ke bayarwa don wasu cututtuka. Tana tara ruwa a jiki, fuska ta kumbura, ta tayar da sukarin jini da tansiyo, ta raunana ƙashi. Wadda ta daɗe tana sha kuma kada ta yanke rana ɗaya, ta je likita a rage mata a hankali, don yankewa kwatsam ma haɗari ne.

To mu koma kanki. Tsayawar sikeli ba alamar kin gaza ba ce. Kilon farko da ke sauka da sauri yawancinsa ruwa ne, don sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka yana riƙe da ruwa, in ya ƙare ruwan ya bi shi. Bayan nan ne ake fara taɓa kitse, shi kuwa a hankali yake tafiya, rabin kilo zuwa kilo 1 a mako shi ne abin da likitoci ke ɗauka lafiyayye. Ga kwanakin al'ada, jiki kan riƙe ruwa sikeli ya hau ba ki ci komai ba. Ki ari tef ɗin tela ki riƙa auna cikinki daidai cibiya sau ɗaya a wata. Ga mace, abin da ya wuce santimita 88 shi ake tsoro. Akwai watan da sikelina bai motsa ba amma zanena ya ƙara zagaye.

Kuma barin abincin dare gaba ɗaya, ki duba da kyau abin da kike ci da rana a madadinsa. Mai yunwa ba ta da awo. Za ki tashi da safe hannu na rawa, ki kama ƙosai da fanke da shayi mai madara da sukari, ƙarfe goma ki ƙara da burodi da mayonez. Abin da kika bari da dare kin rama shi ninki kafin azahar.

Ni abin da ya juya mani al'amari mai ne. Mu 'yan Maradi garin gyaɗa, ba mu san ana auna mai ba, daga kwalba sai tukunya. Giram ɗaya na mai kalori 9 ne (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki), na sitacin da ke cikin tuwo ko furotin da ke cikin nama kuwa 4. Babban cokali ɗaya na mai, ko na gyaɗa ko manja, kusan kalori 120. Ki tsaya ki ƙirga cokali nawa ke shiga shinkafa da wake da mai da yaji a kwano ɗaya. Na ajiye cokali a bakin kwalbar, na ɗaure shi da zare kar yara su ɗauke, na riƙa aunawa. Makon farko maigida ya ce miya ta yi salam, na ƙara daddawa da citta da tafarnuwa, ya yi shiru. Man da ke ƙarewa kafin wata ya raba sai ga shi yana kai mu ƙarshen wata, wannan kam ya ji daɗinsa.

Sai sukari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce kusan giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Lemun gwangwani ɗaya mai santilita 33 yana ɗauke da kusan giram 35. Ki haɗa da na koko, da na fura, da zoɓon da ake ƙullawa a leda, da ataya zagaye uku in maigida ya ɗora. Furar ban bar ta ba, ba zan iya ba, ɗiyar Katsinawa ce ni. Nono nake damawa da ita ba sukari, kuma in na sha fura to ita ce abincin ranar, ba a biyo ta da taliya.

Wani abu da ba a faɗa: cin abinci a tire ɗaya da yara. Ba za ki taɓa sanin abin da ya shiga cikinki ba. Ki samu kwanonki ke kaɗai, malmalar tuwo ɗaya, miya da yawa, rabin kwanon ganye. Allah ya hore mana zogale, ga na Jiratawa nan yana shigowa kasuwa, ga kabeji da salat da karas lokacin sanyi kamar kyauta. Kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli yana riƙe ciki sosai, sai dai kar ki ƙara masa mai a kai, ƙulin ya wadatar. Wake, ƙwai dafaffe, kifi gasasshe, duk suna kashe yunwa. Sauran abincin yara kuma, wanda muke lashewa wai kar a yi almubazzaranci, har da ƙanzon tukunya, ga almajirai nan a ƙofa kullum, ki juye masu. Da dare ki ci, amma kaɗan kuma da wuri, bayan magariba, ba sha ɗaya na dare gaban talabijin ba.

Tafiya. Da gwiwarki kada ki yarda da tsallen igiya da ake nunawa a bidiyo, za ki kwanta. Tafiya kawai, da sauri yadda za ki iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Minti 150 a mako ake so, wato rabin awa sau biyar. Ki fara da minti goma in shi kike iyawa. Ki sayi takalmi sawu-ciki ko na gwanjo ne, silifas cikin rairayin garin nan kashe ƙafa ne. Lokaci kuwa bayan asuba, don kin san Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, da hantsi ba ta yiwuwa. Lokacin hunturu ki rufe hanci. Ki nemi izinin maigida ki samu abokiyar tafiya, ni da wata malamar lakwal muke fita. Ki shirya wa tambaya, duk wanda ya gan ki sai ya ce lafiya Hajiya, ina zuwa da sassafe, 'yan kabu-kabu na tsayawa suna maki oda. Har cewa aka yi yaji na yi. In fita ba ta samu ba, zagaya tsakar gida ma tafiya ce, daka da shara da wanki a tsaye duk suna cikin lissafi, kar ki bar wa 'yar aiki komai.

Azumin Litinin da Alhamis na taimakawa, amma ki yi shi don Allah, kuma ki kula da buɗa-baki. Mata nawa ke fita Ramadan sun fi yadda suka shiga, saboda soye-soye da kunu mai sukari da lemu har sahur.

Kada ki sa wa ranki sai kin koma jikin 'yanmatanci. Likitan da ke duba ni ya ce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyin mutum in ya sauka, tansiyo da sukari na gyaruwa, gwiwa ta samu sauƙi. A wajenki kilo 5 zuwa 10 ke nan, kin ga har kin kusa rabin hanya. Ya ba ni labarin wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002, inda mutanen da ke gab da ciwon sukari aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Ni mahaifiyata ciwon sukari ne ya cinye mata ido, shi ya sa maganar ta zauna mani. Yanzu ina wajen kilo 85, har yau mai jiki ce ni, in biki ya yi yawa kilo 2 su hau, in koma kan cokalina. Amma ina sallah a tsaye.

Ki je asibiti a auna maki tansiyo da sukari kafin komai, ki ce a duba maƙoshi ma, don akwai ciwon da ke sa ƙiba da kasala daga can. In kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku ki faɗa masu, wasu mata tana ƙara masu jiki, akwai wasu hanyoyin da za a canza maki. Dangin miji kuma, in suka sake tambaya, ki ce likita ne ya sa ki saboda gwiwa, ki yi shiru. Kar ki tsaya bayani, ba fahimta suke nema ba. Ki kai kayanki tela ya rage su da wuri, don rigar da ta yi yawa ita ke sa a ga kamar ciwo ne.

Ba ki faɗa mana ko kina shayarwa ba. In yaron bai kai wata shida ba, nono kaɗai yake sha, to maganar rage tuwo ki ajiye ta tukuna, ki ci ki ƙoshi, ki tsaya a kan mai da sukari da tafiya. Shayin kuwa yau ɗin nan ki zubar da shi. Ki rubuto mana watansa nawa, da abin da kike ci daga safe zuwa dare, sai mu duba tare.