Tambaya da Amsa: Yarona ya nace sai ya shiga judo

TAMBAYA: Assalamu alaikum, dan Allah shawara nake nema. Yarona ɗan shekara 14 ya tasa ni gaba wai sai ya shiga koyon judo, tun ranar da aka ƙwace wa yayansa waya a hanyar dawowa daga islamiyyar dare ba shi da zance sai wannan. Ni kuma tsorona kar ya je ya koyo faɗa ya dawo min ɗan kalare (ɗan daba), kun dai san halin da ake ciki. Kuma da gaske abin zai kare shi in masu ƙwacen waya sun tare shi? Daga wata uwa, Jekadafari, Gombe.

AMSA: Wa alaikumussalam Hajiya, Allah ya raya mana su ya shirya su. Ni dai shawarata ki bar shi ya shiga, amma ki zaunar da shi tukuna, dan abin da yake nema daban abin da zai tarar daban.

Wanda ya kafa judo malamin makaranta ne, Jigoro Kano, a birnin Tokyo na Japan a 1882, makarantar tasa Kodokan har yau tana nan. Ya tsamo dabarun ne daga tsohon salon faɗansu jujutsu, ya ware masu haɗari gefe dan ɗalibai su riƙa gwada ƙarfi ba tare da an nakasa wani ba. A gasar judo ba naushi ba shuri, riƙo ne da kayarwa da dannewa a ƙasa, ɗan uwan kokawarmu ne sai dai shi da riga mai kauri ake yi kuma a kan katifa.

Farkon abin da za a koya masa ma faɗuwa ce, wlh makonni zai yi yana faɗuwa kawai, ya manna haɓa a ƙirji dan kar ƙeya ta bugu, ya daki katifa da hannu a miƙe, ya mirgina ta kafaɗa ya tashi, ya sake, har jiki ya saba yana yi ba tunani. Yara da yawa anan suke gudu dan su fim suka gani. Ni kuwa wannan ne na fi so a ciki, yaron da kullum yana kan keke ko bayan ɗan acaɓa ya fi buƙatar iya faɗuwa akan iya kayarwa.

Batun kalare kuma, gaskiya wajen da ake koyarwa da tsari ladabi yake ƙara wa yaro. Shi Jigoro Kano a kan abu biyu ya ɗora komai, amfani da ƙarfi inda ya dace ba ɓarna, da kuma amfanar juna. Ba ka iya koyo kai kaɗai, sai wani ya ba ka jikinsa ka kayar, kai ma ka ba shi naka, in ka ji masa ciwo yau gobe da wa za ka yi? In aka danne ka ka ji wuya sai ka ɗan bubbuga da hannu, nan take a sake ka. A Olamfik na 1984 a Los Angeles, Mohamed Rashwan ɗan Masar ya kara da Yamashita na Japan a wasan ƙarshe alhali Yamashita na ɗingishi da ciwo a ƙafa, Rashwan ya tashi da azurfa amma aka karrama shi saboda bai mayar da hankali kan ƙafar mai ciwo ba. Irin tarbiyyar da ake nema kenan.

Toh amma maganar waya, ki gaya masa da babbar murya judo ba ta maganin wuƙa. Kafin ka kayar da mutum sai ka matso ka riƙe shi, kenan ka kai cikinka inda wuƙar take, ga shi ba sa zuwa su kaɗai, kana kokawa da ɗaya na biyu na bayanka da gora ko adda. In sun tare shi ya miƙa wayar ya tsira da ransa, ko baƙin bel na ƙwararrun ƴan judo gare shi. Inda za ta amfane shi shi ne in wani ya shaƙo wuyan rigarsa ko ya ingije shi, ba zai rikice ba, zai ɓamɓare hannun ya samu hanyar gudu. Kuma ya sani kwalta ba katifa ba ce, ka maka ɗan mutane da kai a titi sai ka wayi gari a hannun ƴan sanda.

Kafin ki biya ko sisi, babansa ko kawunsa su tambaya a filin wasa na Pantami su ji a ina ake koyarwa, su je su zauna su kalli atisaye da idonsu. Akwai katifa mai kyau? Kocin yana haɗa ƙanana da ƙarti? Yana zagi ko duka? In suka ji yana cika baki wai yaransa ba mai taɓa su a unguwa, su canza waje. Za su ga ana ɗan sunkuyar da kai wajen gaisuwa, al'adar Japanawa ce, in zuciyarku bata kwanta ba ku tambayi malaminku sannan ku yi magana da kocin tun ranar farko. Kuma ki sa sharaɗi ya riƙa dawowa gida kafin magariba.