Akwatin kifin teku da murjani a Damagaram: lissafin da za a yi kafin a kashe sefa ɗaya

Tambaya ta zo daga wani ɗan kasuwa mai shagon wayoyi kusa da kasuwar Dole. Ya ga akwatin gilashi na kifin teku da murjani mai rai (halittar teku mai kama da tsiro ko dutse) a Dubai, yana son ya kafa ƙarami a shagonsa don jan masu saye, in ya kama kuma ya riƙa haɗa wa otel-otel da masu hali. Yana tambaya daga ina zai fara, kuma ko akwai riba.

Alhaji, gilashin da kifin su ne mafi arha a wannan harka. Abin da zai ci kuɗinka abu uku ne da garinmu ba ya bayarwa cikin sauƙi: sanyi, wutar da ba ta yankewa, da ruwa tsarkakakke.

Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27. Da ya daɗe a kan 30, sai ya fara fari, saboda ya zubar da ƙananan tsirran da ke cikin jikinsa masu ciyar da shi. A watan Afrilu da Mayu kuwa zafin Zinder yana wuce 40. Don haka ko shagon yana da na'urar sanyaya ɗaki dare da rana, ko ka sayi na'urar sanyaya ruwan akwatin kanta, wadda ƙaramarta kan ja wat 150 zuwa 200. Fanka a bisa ruwa tana rage digiri biyu ko uku, ba za ta fitar da kai bazara ba. In babu ɗaya daga cikin na'urorin sanyayan nan biyu, a ajiye maganar murjani tun yanzu.

Wuta ta fi haɗari. Idan famfunan da ke motsa ruwa suka tsaya, iskar shaƙa tana ƙarewa cikin 'yan awowi, kuma ruwa mai ɗumi ya fi saurin rasa ta. Wani kaso na wutar yankinmu daga Najeriya yake shigowa, ka kuma tuna yadda aka yanke ta a 2023 aka yi watanni. Ka ware wa famfunan batir nasu. Famfuna biyu masu jan wat 20 jimilla suna cin wat-awa 480 a awa 24. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 zai riƙe su kusan yini guda in ba ka so ka tsotse shi ƙarƙaf. Na'urar sanyaya ruwa kuwa sai da sola mai ƙarfi ko janareta.

Ruwan famfo bai yi ba, na leda ma bai yi ba sai an auna. Suna ɗauke da sinadaran da ke haifar da gansakuka, wani lokaci da tagulla, wadda ke kashe murjani da jatan-lande. Ana amfani da matacin RO/DI, na'urar da ke cire sinadaran da suka narke a ruwa, a auna har ma'aunin TDS, wanda ke nuna yawan abin da ya narke a ruwan, ya nuna sifili. Matacin yana zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ya ba da lita ɗaya mai kyau. A garin da ake sayen ruwa a kura, ka tara wanda ya zubar don wanki da shara. Gishirin ma na musamman ne, mai kalsiyam da magnesiyam a ciki. Gishirin Bilma ko na miya ba ya maye gurbinsa.

Girman da nake ba da shawara lita 100 ne. Ƙasa da 60, ƙaramin kuskure yana juya ruwan gaba ɗaya kafin ka ankara. Da duwatsu da yashi zai kai kilo 150, sai teburi mai ƙwari, nesa da taga da ƙofa, da murfin raga don kifi kan yi tsalle. Lokacin hunturu ƙura ma abin tsoro ce.

Ruwan da zai shiga bayan an sa dutse kamar lita 80 ne. Gishiri giram 35 zuwa 38 a kowace lita, wato kusan kilo uku a zubin farko. A kwaɓa shi a bokiti daban, ruwa tukuna sannan gishiri, a bar famfo ya juya shi kwana ɗaya, a auna da ma'aunin gishiri har ya nuna 1.025. Sai dutse kilo takwas zuwa goma, busasshe ya fi sauƙin kawowa, da famfon da ke juya ruwan akwatin sau 10 zuwa 20 a awa. Daga nan sai haƙuri na mako huɗu zuwa shida babu kifi. Ana zuba ƙwayoyin bakteriya na kwalba da ɗan abincin kifi. Abincin ya ruɓe, amoniya mai guba ga kifi ta tashi, bakteriyar ta mayar da ita naitirait, ita ma mai guba, sannan ta koma naitiret mai sauƙin illa. Sai biyun farko sun sauka sifili ake sa kifi. A nan mafi yawan masu farawa suke asara, don akwati babu kifi ba ya burge kowa a shago, sai a yi gaggawa.

Ka fara da kifi biyu irin mai ruwan lemo da farin zane, wanda aka haifa a gidan kiwo. Bayan wata uku ruwa bai yi gardama ba, a sa murjani mai laushi, da fitilar LED ta murjani awa takwas zuwa tara a yini. Irin da ake kira zowantid yana da dafi, a taɓa shi da safar hannu, a kiyaye ido. Murjani mai ƙashin dutse a bar shi tukuna: yana buƙatar kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a kowace lita da alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana kansa yin tsami) 8 zuwa 9 a ma'aunin dKH ba tangarɗa, kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu, sai da takarda yake ƙetare iyaka.

Kuskuren da yaron shago zai yi maka shi ne cika akwati da ruwan gishiri idan ya ga ya ragu. Ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Ana cikawa da tataccen ruwa zalla kowace rana, lita biyu ko uku. Ruwan gishiri sai a canjin mako, kashi goma cikin ɗari, wanda zai ci maka gishiri kusan kilo 15 a shekara.

Maganar riba. A matsayin ado, ka ɗauke shi kamar kuɗin talla, ka fitar da shi daga riba, kada ka taɓa jari, ka kuma ajiye kuɗin gishiri da wuta na wata shida kafin ka sayi gilashi. Sayar wa wasu kuwa ban ba ka shawara ba a shekarar farko. Teku mafi kusa tana da nisan kusan kilomita dubu, kifin zai biyo jirgi zuwa Kano ko Yamai sannan mota, duk wanda ya mutu a hanya kai ka biya. In kana son kasuwa a wannan fanni, ka fara haɗa wa mutane akwatin kifin ruwan daɗi, wanda ke jure zafinmu, ka karɓi kuɗin kulawa kowane wata. Wanda ya nemi na teku daga baya, ka je ka duba sanyin ɗakinsa da batirinsa kafin ka karɓi kafin alƙalami.