Waya lafiya lau, amma manhajar banki ta ƙi buɗewa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwar albasa ne a Marwa, arewacin Kamaru. Wayata ta shekara huɗu a hannuna, gilashi bai fashe ba, kira na shiga yana fita. Sai ga manhajar bankina ta daina buɗewa, wai wayar ta tsufa. Mai shago ya ce in sayi sabuwa kawai, su kuma sababbin kullum kuɗinsu hawa yake. Shin da gangan kamfanonin nan ke kashe wayoyi don a koma saye?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da kasuwa. Wayarka tana nan da ranta. Abin da ya ƙare shi ne kulawar da kamfanin da ya ƙera ta yake aiko mata ta intanet, kuma wannan kulawar tana da wa'adi tun ranar da aka fito da wayar, sai dai mai shago ba ya faɗa, wani ma bai sani ba.

Kulawar iri biyu ce. Akwai sabon Android da Google ke fitarwa shekara-shekara, akwai kuma facin tsaro da ke toshe kafar da ɓarayin intanet suka gano. Amma daga Google ba kai tsaye suke zuwa wayarka ba. Sai mai ƙera ƙwaƙwalwar wayar, irin su MediaTek, Unisoc ko Qualcomm, ya daidaita nasa, sannan mai wayar ya ɗora nasa ya gwada ya aiko. Kowane mataki injiniyoyi ne da albashi. Waya mai araha ribarta kaɗan ce, don haka nan ake fara tsuke hannu. Banki kuwa, da ya ga an daɗe ba a toshe kafa ba, sai ya rufe ƙofarsa, tunda in kuɗinka ya salwanta shi za ka riƙe. WhatsApp ma haka yake yi lokaci-lokaci: a 2023 ya bar wayoyin da ba su kai Android 5 ba, a 2025 ya bar iPhone 5s da iPhone 6.

Zarginka yana da tushe. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wasu tsofaffin iPhone, ya ce don kada su riƙa mutuwa in batir ya raunana. A 2020 Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25, sama da sefa biliyan 16, saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Amma a ganina abin da ya fi yawa watsi ne: a sayar maka, a juya baya. Kuma zaɓi ne suka yi, domin da suka ga dama sun tsawaita. Google ya yi wa Pixel 8 alkawarin shekara 7 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a 2024, har ƙaramar Galaxy A16 ya ba ta shekara 6. Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta sabunta waya aƙalla shekara 5 bayan an daina sayar da samfurinta. Dokar ba ta iso Kamaru ko Chadi ba, kuma yawancin wayoyin da ke cikin shagunanmu don kasuwar Afirka da Asiya aka yi su.

Batun tsada, wani ɓangaren daga can ne, wani daga nan. Kuɗin ƙwayar ajiya da ake sa wa waya da kwamfuta ya tashi sosai tun ƙarshen 2025, saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna kwashe ta. Nan gida kuma ga kwastan, ga harajin TVA na kashi 19.25 cikin ɗari, ga kuɗin ɗauko kaya daga Duwala har arewa.

Kafin ka taɓa aljihu, shiga saitin wayar, wato Paramètres, ka duba À propos du téléphone, ka ga lambar Android da ranar facin tsaro na ƙarshe. Ka nemi Mise à jour, domin wayoyi da yawa sabuntawar na nan tana jira, cikar hotuna da bidiyo ce ta hana ta sauka. In babu, wayar za ta ci gaba da kira da saƙo, kuma lambobin tura kuɗi ta waya, *126# na MTN da #150# na Orange, ba ruwansu da tsufan waya. Abin da nake roƙonka shi ne kada ka yarda wani ya tura maka tsohuwar manhajar banki daga wayarsa, ko ya sauko maka da ita daga wani shafi. Ta nan ake yashe asusun mutane.

In saye ya zama dole, raba kuɗin da shekarun da suka rage mata. A ce waya ta sefa dubu 60 za a kula da ita shekara 2, wata ta dubu 110 shekara 6: ta farko dubu 30 ke nan a shekara, ta biyu ba ta kai dubu 19 ba. Na san ba kowa ke iya haɗa dubu 110 a tashi ɗaya ba, amma gara mutum ya san abin da ya saya. 'Yar gwanjo kuwa, daga shekarar da aka fito da ita ake ƙirga wa'adinta, komai ƙyallin bayanta. Kuma lissafin shekara 6 ba zai yi ba sai batir ya kai, ga zafin Marwa a watan Maris da Afrilu yana wuce digiri 40. Kada ka bar ta a rana kan buhu, kada ka yi caji a ƙarƙashin matashi, kuma tun a shago ka tambaya ko ana samun batirinta da gilashinta a garin.