Tambayi Likita: Tahlil ya ce lafiya lau, ƙafa kuma tana azaba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ya aiki. Ni direba ne a nan Jidda, shekaruna 46. Makon jiya na kwanta lafiya ƙalau, can wajen asuba babban yatsan ƙafata na dama ya tashe ni da wata irin azaba, ya kumbura ya yi ja yana sheƙi, ko mayafi ya taɓa shi sai in ji kamar wuta, takalmi ma ban iya sawa ba balle in taka burki. Na je mustausaf, wato ƙaramin asibiti, duktur ya ce niƙris ne, amma da aka yi tahlil, wato gwajin jini, na yurik asid sai ya fito 350, su da kansu suka ce bai hau ba. Abokan zamana wasu sun ce sanyi ne, wasu sun ce wani abu na taka. To ta yaya za a ce ina da ciwon alhali takarda ta ce lafiya lau? Daga wani ɗan uwanku a Jidda.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, sannu, Allah ya ƙara sauƙi. Gaskiya yadda ka kwatanta abin nan, farawa cikin dare, babban yatsa, kumburi da ja, ga rashin jure ko taɓawar mayafi, haka gaut yake zuwa sak, wato niƙris ɗin da duktur ya faɗa maka, ciwon gaɓa ne da taruwar yurik asid take jawowa, kuma kusan rabin masu ciwon a wannan yatsan yake fara kama su. Ina ganin duktur ɗinka yana kan hanya, kuma babu abin da ka taka.

Shi yurik asid ba baƙo ba ne a jiki, kowa yana da shi. Akwai wani sinadari da ake kira fiyurin a cikin ƙwayoyin halittar jikinmu da kuma cikin abinci, kullum tsofaffin ƙwayoyi suna mutuwa ana sake sababbi, to hanta ce take narka wannan fiyurin ɗin, abin da ya rage a ƙarshe shi ne yurik asid. Mafi yawansa jikin ne da kansa yake samarwa, na abinci shi ne kaɗan, wannan kuwa mutane da yawa ba su sani ba. Dabbobi da dama suna da abin da yake ƙara narka shi ya fita cikin sauƙi, mu 'yan Adam ba mu da shi, sai dai ƙoda ta fitar da kusan kashi 2 cikin 3 ta fitsari, ragowar ya bi ta hanji. Kuma a wajen mafi yawan masu gaut, kusan 9 cikin 10, matsalar ita ce ƙoda ba ta fitar da shi yadda ya kamata, sau da yawa ma gado ne.

Jini yana da iyakar abin da zai iya narkarwa, wajen 6.8 mg/dL. In ya wuce nan ya daɗe a haka sai ya fara daskarewa, kamar dai sukarin da aka cika wa shayi ya kasa narkewa ya kwanta a gindin kofi, sai dai shi yana zama 'yan ƙananan tsinke masu kaifi a cikin gaɓa, kuma ya fi son wurin da ya fi sanyi a jiki shi ya sa yatsan ƙafa. Shekaru yake yi yana taruwa shiru. Ranar da sojojin jiki suka farga da shi suka far masa, ranar ce za ka tashi da asuba kana salati.

To a daidai lokacin da ciwon ya tashi, yurik asid na jini yakan sauka a wajen mutane da yawa saboda ƙoda tana ƙara fitar da shi yayin kumburin, don haka tahlil ɗin ranar ba ya kore ciwon ko kaɗan. Ka bari ƙafar ta lafa, bayan kamar sati 2 zuwa 4 ka sake yi. Sannan ka lura da ma'aunin, wasu ɗakunan gwaji a nan Saudiyya da µmol/L suke rubutawa wasu da mg/dL, in ka ga lamba ta ɗaruruwa ka raba da 60, kenan 350 ɗinka wajen 5.8 mg/dL ne. Abin da yake yanke hukunci gaba ɗaya shi ne a zuƙo ruwan gaɓar da allura a duba da madubin likita a ga tsinkayen, amma ba kowa ake yi wa ba. In ka sake komawa ka roƙi a haɗa maka da gwajin ƙoda da suga, a auna hawan jini, don waɗannan tare suke yawo.

Abu ɗaya da ba na so ka yi wasa da shi, in gaɓa ta kumbura kuma ga zazzaɓi da rawar sanyi, ka tafi asibiti a ranar, ƙwayar cuta a cikin gaɓa tana kama da gaut kuma tana iya lalata gaɓar cikin 'yan kwanaki. Kuma dan Allah direbobinmu, zama cikin mota a zafin Jidda ana ƙin shan ruwa don gudun neman banɗaki, ana kora ƙishi da lemon gwangwani, wannan yana cutar da ku sosai.

TAMBAYA: Likita barka da war haka. Ni a Makka nake, na haura 55, ina shan maganin hawan jini. An yi min gwaji yurik asid ya fito 7.4, ni dai babu inda yake min ciwo. Maƙwabciyata ta ce in sayi Zyloric a saidaliyya, wato kantin magani, in fara sha, kuma in daina cin ful da adas da wake da alayyahu. Yanzu ban san me zan ci da safe ba.

AMSA: Hajiya barka kadai. Ki ci ful ɗinki da tamis ki ƙoshi. Wake da adas da ganyaye suna da fiyurin, haka ne, amma binciken da aka yi bai nuna suna jawo gaut ba, kuma abin yana damuna yadda ake hana mutane abinci mai araha mai amfani a bar su da abin da ya fi cutarwa. Waɗanda za ki rage su ne kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi, sai yawan jan nama, sai sardin da jatan lande, sannan lemukan kwalba da duk wani jus mai zaƙi, saboda sukarin cikinsu mai suna furuktos yana sa jiki ya ƙara samar da yurik asid. Giya ma tana hawar da shi sosai ga masu sha. Laban da madara marasa kitse kuwa taimako suke yi. Ban ce kada ki taɓa mandi ko kabsa a wajen walima ba, yawan ne da kullum-kullum ɗin.

Maganar Zyloric, wato alofurinol, maganin sauke yurik asid, kada ki saya. Yawancin mutanen da yurik asid ɗinsu ya hau ba sa taɓa yin gaut har ƙarshen rayuwarsu, kuma in babu ciwon gaɓa babu tsakuwar ƙoda ba a cika ba da magani don lamba kawai ba. Maganin yana da kyau ga wanda yake buƙata, amma a wasu tsiraru yana jawo mummunan ƙurajen fata da kan kai mutum ga kwanciya asibiti. Mata dama in al'ada ta ɗauke yurik asid yakan ɗan hau. Abin da na fi so ki yi, ki ɗauki kwalayen magungunanki ki kai wa likitanki, don magungunan hawan jini masu sa fitsari irin su haidurokulorotayazaid da Lasix suna hana ƙoda fitar da shi, ƙaramin asfirin ma haka, akwai kuma irin su losatan da yake ɗan saukar da shi. Shi zai duba ko ya canza, ke dai kada ki daina ko ɗaya da kanki.

TAMBAYA: Likita ni gaut ɗina ya tabbata, a shekara yana tashi sau 3 ko fiye. An ɗora ni kan alofurinol, ban yi wata ba ciwon ya tashi fiye da da, sai na watsar. Yanzu Voltaren nake sha in ya motsa. Kuma na lura da azumi ya fi damuna. Daga Madina.

AMSA: Ɗan uwa, wannan tashin da ka gani a farkon magani sananne ne, kuma ba alamar maganin bai karɓe ka ba ne. Da yurik asid ya fara sauka a jini, tsoffin tsinkayen da suka kwanta a gaɓa sai su fara narkewa suna motsi, shi ne jiki ya sake far musu. Shi ya sa ake farawa da kaɗan, yawanci 100 mg ko ƙasa da haka in ƙoda tana da rauni, ana ƙarawa a hankali ana gwaji duk bayan 'yan makonni, kuma ana haɗawa da ƙaramin adadi na maganin kolcisin na wata 3 zuwa 6 don ya tare wannan tashin. Abin da ake nema lambar ta sauka ƙasa da 6 mg/dL, wato 360 µmol/L, ta zauna a nan, in ta zauna tsinkayen suna narkewa har ciwon ya daina zuwa. Ko ciwo ya tashi kana kan magani ba a dainawa, sai dai in ƙuraje suka feso maka ko zazzaɓi ko bakinka ya yi gyambo, nan kam ka tsaya ka ga likita a take. Wanda alofurinol bai yi masa ba akwai febuksostat.

Wanda ciwo yake tashi masa sau 2 ko fiye a shekara ƙauracewa nama kaɗai ba za ta fisshe shi ba, duk ƙoƙarinka da abinci abin da zai sauka bai cika wuce 1 mg/dL ba, don haka ka daina ganin laifin kanka, ka koma kan magani. Voltaren yana kashe zafin ne kawai, taruwar tana nan tana ci gaba har ta fara yin ƙulli a gwiwar hannu da yatsu da kunne tana cin ƙashi, shi kuma yawan shansa yana taɓa ƙoda da ciki, ƙodar da ita ce dama take fama.

Azumi kuwa ka lura daidai, ƙishirwar yini da naman buɗa baki da jarkokin Vimto duk suna haɗuwa. Alofurinol sau ɗaya ake sha a rana, sai ka mayar da shi bayan buɗa baki ko sahur, ka rarraba shan ruwa daga magariba zuwa asuba kada ka tara shi lokaci guda, kuma ka je ka ga likitanka tun cikin Rajab ko Sha'aban a daidaita maka adadin kafin watan ya kama.